Manu Garba da Golden Eaglets: abin da aka gina a Kalaba, da abin da ya ɓace bayan nan

A ranar 8 ga Nuwamban 2013, a filin wasa na Mohammed bin Zayed da ke Abu Dabi, Najeriya ta doke Mekziko da ci 3-0 ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 karo na huɗu. Kocin da ke tsaye a bakin layi ɗan Gombe ne, Manu Garba. A watan Mayun 2024 shi ɗin dai ya ja wata tawagar Golden Eaglets, wato 'yan ƙasa da 17 na Najeriya, zuwa Akara, ta ƙare ta uku a gasar shiyyar Afirka ta Yamma, ko gurbin zuwa gasar Afirka ba ta samu ba. A gidajen kallon ƙwallo na unguwannin Jekadafari da Pantami a Gombe an daɗe da yanke hukunci a kan wannan. Wasu sun ce a 2013 sa'a ce ta haɗa shi da Kelechi Iheanacho, wasu sun ce zamani ne ya wuce shi. Wanda ya bi aikin mutumin daki-daki zai ga wani abu daban: duk lokacin da aka ba shi watanni masu yawa da yara guda, ƙungiyarsa ta yi kyau, duk lokacin da aka rage watannin ko aka sauya masa yara ana gab da tafiya, ɓarakar ta fito, kuma kusan a wuri ɗaya take fitowa.

Manu ya buga ƙwallo kafin ya koyar da ita. Yana cikin tawagar Flying Eagles ('yan ƙasa da shekara 20) ta 1983, wadda ta ci kofin matasa na Afirka ta je Mekziko, karon farko ke nan da wata tawagar Najeriya ta halarci gasar duniya ta FIFA. A can suka ci Tarayyar Sobiyat 1-0, Birazil ta ci su 3-0, suka yi canjaras babu ci da Holan, suka dawo gida daga rukuni. A gida kuma ya buga wa El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙalubale sau biyu a jere, a 1991 da 1992. Bai yi suna a Turai ba, kuma wannan bai rage masa komai ba a aikin da ya zaɓa. Wanda ya taɓa barin gida yana matashi ya tsaya a gaban 'yan Birazil ya san abin da ke faruwa a cikin yaro ɗan shekara 16 ranar da ya fara jin taken ƙasa a filin da ba nasa ba. Irin wannan sanin yana da amfani a ɗakin sauya kaya, sai dai shi kaɗai ba ya sa mutum ya zama koci.

A nan tsofaffin 'yan wasa da yawa a Gombe da Bauchi suke tuntuɓe. Mutum ya ajiye takalmi yau, gobe ya rataya usur yana jiran a ba shi ƙungiya. Ɗan wasa wurinsa kaɗai ya sani a fili, koci kuwa dole ya san wurare goma sha ɗaya, ya kuma iya faɗa da baki abin da ƙafarsa ta saba yi ba tare da tunani ba. Shi ya sa takardun horarwa na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, suke hawa-hawa, daga D zuwa C, B, A, har matakin ƙwararru, kuma shi ya sa zaman mataimaki yake da daraja. Tsakanin Mekziko ta 1983 da Abu Dabi ta 2013 shekara 30 ne cif. A 2007 Manu mataimaki ne ga marigayi Yemi Tella, lokacin da Najeriya ta ci kofin 'yan ƙasa da 17 a Koriya ta Kudu bayan ta doke Sifaniya 3-0 a bugun fanareti. Tella ya rasu makonni kaɗan bayan nan. Da Manu ya zama babba, ya ɗauki Emmanuel Amuneke da Nduka Ugbade a matsayin mataimaka, Emeka Amadi kuma yana kula da masu tsaron raga. Amuneke ne ya gaje shi ya sake cin kofin a Chile a 2015 da su Victor Osimhen. Kofi uku cikin shekara takwas, kuma biyu daga cikin kocin da suka ɗauko su sai da suka zauna a bayan wanda ya gabace su.

Ƙungiyar 2013 ba a 2013 aka haɗa ta ba. Tun 2012 aka buɗe sansani a Kalaba, inda gwamnatin Kuros Riba ta ɗauki nauyin masauki, ana atisaye da wasannin gida a filin U.J. Esuene. A ƙarshen wannan shekarar suka buga wasannin share fage da Nijar da Gini da Mali, gida da waje, suka ci duka shidan. A watan Afrilun 2013 suka je gasar Afirka a Maroko: suka lallasa Gana 6-1, Kwaddibuwa ta ci su 1-0, suka zuba wa Kongo 7-0, suka fitar da Tunisiya, sannan a wasan ƙarshe suka sake haɗuwa da Kwaddibuwa aka tashi 1-1, aka ci su 5-4 a fanareti. Ke nan kafin su sauka a Daular Larabawa a watan Oktoba, jigon ƙungiyar ya haura shekara guda yana cin abinci tare, ya sha nasara, ya kuma ɗanɗani rashin kofi a wasan ƙarshe.

A Maroko ne kuma aka gamu da matsalar da kowane kocin yara ya kamata ya fahimta sosai, wato gwajin MRI. FIFA ta fara amfani da shi a gasar duniya ta 2009 da aka yi a Najeriya, wadda filin Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauchi yana cikin filayen da suka karɓi baƙuncinta. Ana ɗaukar hoton wuyan hannu ne a duba bakin ƙashin damtse, inda wani siririn guringuntsi yake rufewa sannu a hankali yayin da yaro ke girma. An kasa rufewar mataki shida. Mataki na shida shi ne ƙashi ya haɗe gaba ɗaya, kuma wanda aka samu a nan ba zai buga ba, domin da wuya ƙwarai a samu ɗan ƙasa da 17 da ƙashinsa ya gama haɗewa. Abin lura biyu ne. Na farko, na'urar ba ta faɗin shekarun yaro, yanayin ƙashinsa kawai take nunawa, don haka yaro mai gaskiya da ya yi saurin girma yana iya faɗuwa. Na biyu, ƙashi ba ya jiran jadawalin gasa. Yaron da ke mataki na biyar a watan Janairu yana iya kaiwa na shida kafin Oktoba. Wilfred Ndidi da wasu 'yan wasa biyu haka aka cire su a Maroko ana gab da fara gasa, bayan an yi watanni ana gina baya da su. Ndidi ya dawo hannun Manu a tawagar 'yan ƙasa da 20 ta 2015, ya kuma buga wa Genk da Leicester, wanda ke nuna ba ƙwarewa ya rasa ba. Kocin da zai fara zagaye na shekara biyu, 'yan 14 da 15 ya kamata ya nema, waɗanda ƙashinsu ke ƙasa-ƙasa a ma'auni, ya kuma maimaita hoton kafin kowace gasa, kada ya dogara da na bara. Ya kuma tanadi mutum biyu a kowane wuri, musamman tsakiyar baya, inda aka fi ɗaukar manyan yara, su ne kuwa suka fi saurin faɗuwa gwajin.

A gasar duniyar kanta, wasa bakwai aka buga cikin kwana 21, daga 19 ga Oktoba zuwa 8 ga Nuwamba, da 'yan wasa 21, uku daga ciki masu tsaron raga. An fara da cin Mekziko 6-1, Iheanacho ya zura huɗu. Wasa na biyu da Suwidin shi ne ya fi koyar da darasi. Valmir Berisha ya ci biyu tun kafin minti 20, Success Isaac ya rama ɗaya sannan ya ji rauni, raunin da ya raba shi da sauran gasar, alhali shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a Maroko. Taiwo Awoniyi ya shigo daga benci, shi ne ya farke ta ƙarshe aka tashi 3-3. Daga nan Awoniyi ya riƙe lamba tara, ya ci Yurugwai biyu a kwata fainal, ya buɗe raga a wasan kusa da na ƙarshe da aka sake haɗuwa da Suwidin aka ci ta 3-0. Ƙungiyar da aka tattara cikin mako huɗu in ta rasa babban mai ci mata ƙwallo, sai tsarinta ya rushe. Wannan ba ta ko girgiza ba, saboda na benci ya yi watanni yana gudu a hanyoyin da na farko yake bi. Iraƙi ta sha 5-0, Iran ta sha 4-1. Jimilla ƙwallo 26 suka ci, aka ci su 5, kuma uku daga cikin biyar ɗin a wasa ɗaya ne.

Yadda suke wasan yana da sauƙin bayyanawa, wahalarsa a aikatawa take. Lamba biyu da lamba uku, wato kyaftin Musa Muhammed a dama da Samuel Okon a hagu, suna hawa sama sosai har su zama kamar 'yan gefe. Hakan na ba Musa Yahaya da sauran na gaba damar shigowa ciki kusa da Iheanacho, wanda ke yawo a bayan lamba tara yana neman gurbi tsakanin bayan abokan hamayya da tsakiyarsu. Tsadar wannan tsari ita ce filin da ake bari a bayan masu hawan. Maganinsa kuma doka ce da ake haddacewa a atisaye: in na dama ya tafi, na hagu ya dakata ya matso ciki, lamba huɗu, aikin da Akinjide Idowu ya yi, ya koma ya tsaya gaban Aliyu Abubakar da Zaharaddeen Bello, ta yadda kullum akwai mutum uku ko huɗu a bayan ƙwallo. In an ƙwace ƙwallo, na kusa da ita ba ya juyawa da gudu gida, taƙura mai ita yake yi nan take don ya ba sauran daƙiƙu su koma. Wasan ƙarshe ya nuna duka fuskokin. Ƙwallon farko a minti na 9 daga harin ramuwa ta fito, aka kwaso ta da gudu daga gidan Najeriya har ɗan bayan Mekziko Erick Aguirre ya ci gida. Ta biyu Musa Muhammed ne ya buga daga nesa, gola ya amayar, Iheanacho ya ƙarasa. Ta uku shi Musan ne ya ci da bugun tazara a minti na 81. Ɗan baya ne ke da hannu a biyu cikin uku. Iheanacho ya karɓi ƙwallon zinare, Dele Alampasu ya karɓi safar zinare, ƙungiyar kuma ta samu kyautar ɗa'a.

Masu cewa Iheanacho ne ya ci wa Manu kofi su duba 2015. An ɗaga shi zuwa Flying Eagles da yawancin yaransa, kuma a watan Maris ya je Senegal ba tare da Iheanacho ko Success ba, ya ci kofin Afirka na 'yan ƙasa da 20, na bakwai ga Najeriya. Sun fitar da Gana 2-0 a wasan kusa da na ƙarshe, Bernard Bulbwa ya ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe da masu masaukin baƙi. Musa Muhammed, ɗan baya, shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar. Matsalar ta taso ne kafin gasar duniya a Niyu Zilan. Iheanacho yana Manchester City, Success yana Granada, Moses Simon yana Gent, kuma ƙungiyoyinsu ba su sake su da wuri ba. Sai koci ya samu kansa da ƙungiya biyu a riga ɗaya: waɗanda suka ci kofi a Dakar suka san tsarin, da waɗanda suka fi suna amma suka zo a makare. Birazil ta ci su 4-2 a wasan farko, suka farfaɗo da 4-0 a kan Koriya ta Arewa da 2-0 a kan Hangari, Jamus ta fitar da su 1-0 a zagayen 'yan 16. Iheanacho ya shafe mafi yawan gasar a benci, kuma an soki Manu a kan haka sosai. Sukar tana da tushe, domin ɗan wasa irinsa ba a tafi da shi don ya zauna ba. Amma kuskuren ya riga ranar wasa. Irin wannan shawara tun kafin a rufe sansani ake yanke ta: ko dai a sa ranar ƙarshe ta isowa, wanda bai zo ba a tafi babu shi, ko a gina tsarin tun farko da gurbin da aka tanadar masa, wani yana riƙe masa wurin da irin salon wasansa. Gwada haɗi a wasan farko da Birazil caca ce.

Zamansa da Gombe United a kakar 2017, wadda ƙungiyar ta faɗa rukunin ƙasa a ƙarshenta tare da Shooting Stars da ABS da Remo Stars, ya nuna cewa horar da yara da riƙe ƙungiyar firimiya sana'a biyu ce. A sansanin ƙasa koci yana da yaro safe da yamma, shi ke sa masa lokacin barci. A firimiya wasa 38 ne, magidanta ne masu iyali da buƙatu, sau da yawa ana buga Lahadi a sake Laraba, tsakaninsu kuma akwai tafiyar mota daga Gombe zuwa Uyo ko Fatakwal. Ranakun koyarwa na gaskiya a mako ba su wuce biyu ba. Mai koyar da tsari mai buƙatar maimaici in bai samu cikakken shirin kafin kaka ba, maki za su zube kafin darasin ya zauna.

Da ya koma Golden Eaglets, a 2018 ya ci gasar shiyya a Yamai bayan doke Gana a fanareti. Gasar Afirka ta 2019 a Tanzaniya ta fara da cin masu masauki 5-4, sakamakon da ya faranta wa 'yan kallo rai amma ya isa ya hana koci barci. Gini ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe da 10-9 a fanareti bayan an tashi babu ci, Angola ta ci su 2-1 a neman na uku. A gasar duniya a Birazil sun ci Hangari 4-2 da Ekwado 3-2, duka biyun sai da aka shiga gabansu suka kwato wasan a mintunan ƙarshe, Ibrahim Said ne ya ci ukun Ekwado. Ostireliya ta ci su 2-1, Holan ta fitar da su 3-1, Sontje Hansen ya ci duka ukun. A wasa huɗu sun ci 9 an ci su 9. A kwatanta da 5 cikin wasa bakwai a 2013. Ƙwarin gwiwar kai hari yana nan, yaran ma ba su san karaya ba, abin da ya ɓace shi ne dokar rufe baya in an hau sama. Yanka da bugu yaro yana zuwa da su daga unguwa. Sanin lokacin da zai dakata saboda abokinsa na ɗaya gefen ya tafi, wannan sai an maimaita masa har ya daina tunani a kai, kuma shi ne abu na farko da ke ɓacewa in kwanaki suka yi kaɗan. A 2024 kuwa a watan Afrilu aka naɗa shi, gasar Akara ta fara tsakiyar Mayu. Cikin wannan ɗan tsakanin ne za a tantance yara, a yi musu hoton ƙashi, a yi fasfo, a koyar da tsari. Duk da haka ba a ci su ko ɗaya a rukuni ba, Kwaddibuwa ce ta ci su 1-0 a wasan da ke ba da tikiti, suka doke Gana 3-2 a neman na uku.

Akwai wani abu da ke maimaituwa a tarihin nan wanda masu horar da yara ke rainawa, shi ne fanareti. A gasannin 'yan ƙasa da 17 na yanzu ba a ƙarin lokaci, minti 90 na cika kunnen doki sai bugu. Da shi aka ci kofi a 2007, da shi aka rasa na Afirka a 2013, da shi aka tsallake a Yamai, da shi aka faɗi a Tanzaniya. Sakamako irin 10-9 yana nufin layi ya zo kan waɗanda ba su taɓa zaton za su buga ba. Don haka ba mutum biyar ake koya wa ba, kowa ne har gola, a ƙarshen atisaye lokacin da ƙafa ta gaji, kowane yaro ya taho tun daga da'irar tsakiya shi kaɗai kamar ranar wasa, a kuma rubuta wanda ya ci da gefen da ya buga.

Kocin da ke tara yara a Tudun Wada ko Bolari, ko a Kumo da Billiri da Bajoga, ba shi da otal ɗin Kalaba, amma yana da abin da kocin ƙasa ke roƙo bai samu ba: yaransa suna tare da shi shekara biyu ko uku. Amfanin hakan yana farawa daga tantancewa. Raba yara sha ɗaya-sha ɗaya a babban fili na minti 20 ba ya nuna komai sai mai ƙarfi da mai gudu, kuma sau da yawa shi ne wanda ya girmi sauran. Bakwai-bakwai a fili mai tsawon mita 60 da faɗin 40 ya fi, domin kowa zai taɓa ƙwallo sau da yawa. A duba inda taɓawar farko ke kai ƙwallo, a duba ko yaro yana waiwaye kafin ta iso shi, a duba abin da yake yi a daƙiƙun farko bayan an ƙwace masa. Kada a yanke hukunci sai an gan shi a ranaku uku daban-daban. Dokar rufe baya kuma ana koyar da ita da 'yan baya huɗu da lamba huɗu a kan maharan shida, a rabin fili, minti 15 sau biyu a mako, koci yana busa usur ya tsayar da kowa a inda yake duk lokacin da lamba biyu da lamba uku suka haye tare, ya tambayi yaran da kansu wa ya kamata ya tsaya. A zafin Maris da Afrilu na Gombe, bayan Asuba ko bayan La'asar ake irin wannan aiki, da hutun shan ruwa duk minti 20.

Sai takardu. Ranar da yaro ya shiga ƙungiya ake karɓar takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da shaidar makarantar firamare, a tabbatar ranar haihuwa ɗaya ce a kansu, a zauna da mahaifinsa a fahimtar da shi cewa ba a taɓa ta. Gasar 2013 sai wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1996, ta 2019 kuma daga 1 ga Janairun 2002. Tun daga 2025 FIFA ta mayar da gasar ta kowace shekara da ƙasashe 48, ke nan kowace shekara akwai sabon rukunin haihuwa da za a nema, kuma mai tantancewa na ƙasa in ya zo Pantami da kwana biyu a hannunsa, yaron da takardunsa suka yi daidai da wuyan hannunsa shi zai fara rubutawa.